Shafi na Arba'in da Biyu

Shekara biyu ke nan da suka zo Agege
da rikoda da takardu masu layi-layi.
Suka zauna a bencina,
suka tambayi sau nawa nake juya Baba cikin dare
tun da ɓarin jikinsa ya shanye,
nawa magani ke ci,
ko ina samun barci.
Na ce barci ɓarawo ne, amma ya manta gidanmu.
Suka rubuta. Suka sha zoɓo. Suka tafi.

Na ce an shuka dusa.

Sai ga Morenike da damina,
ma'aikaciyar jin daɗin jama'a,
takalmi a hannu, don layinmu ya zama kogi.
Ta ce littafi ya fito, ina ciki,
shafi na arba'in da biyu,
sunana Mai Amsa ta Tara.
Da Hausarta mai ɗingishi ta ce,
"Ba karatu na zo yi miki ba, Tabawa.
Zo ki nuna mana inda ya kauce hanya."

A ajin firamare muka haɗu,
manya a kan kujerun yara, gwiwa na taɓa haɓa:
ni, da Malam Tanimu mai keken hannu,
da Iya Sikira, wadda ɗanta ya kai sha huɗu bai ce uffan ba,
da wani dakta daga jami'a
mai alƙalami uku a aljihu.

Littafi ya ce: taron masu jinya,
Litinin, tara na safe, Ikeja.
Dariya ta kuɓuce mana.
Litinin da tara ina Mile 12,
gindin motar tumatir, ina ciniki da muryar da ta dushe.
In na bar wannan, me Baba zai ci?
In na shiga danfo, cunkoso ya haɗiye ni,
wa zai ba shi ruwa?

Malam Tanimu ya ce ya san ofishin.
Matakala talatin da ɗaya.
Daga ƙasa ya ƙirga su,
ya juya kekensa ya koma.

Littafi ya ce a tura saƙo a rubuce.
Iya Sikira ta ɗaga wayarta mai tsagaggen gilashi,
ta ce, "Ku yi mini magana. Kunne nake da shi."

Dakta ya cire tabarau.
Na ga abin ya sosa shi, shekara biyu ba wasa ba.
Na ce, Dakta, awon rufinku daidai ne,
ba mu ce kun yi ƙarya ba.
Mu dai ne ke tara kwano in ruwa ya sauko,
mun san inda yake ɗiga.
Ya zaro alƙalami na biyu, ja,
ya miƙo mini.

Ba duka muka samu ba.
Mun roƙi mota, aka ce babu kuɗi.
Fom ɗin har gobe ya fi zanina tsawo.
Amma taro ya dawo Alhamis bayan la'asar,
ƙarƙashin rumfar mai walda, inda keke ke shiga ba roƙo.
Muka ƙara abin da ba ya cikin kowane shafi:
adashin lokaci.
Kowa ya zuba awa biyu,
ranar kwasarsa wani ya zauna masa da majinyaci.

Jiya kwasata ce.
Iya Sikira ta zauna da Baba,
tana ba shi labari da Yarbanci,
yana amsa mata da ido.
Ni kuwa na shimfiɗa tabarma da rana tsaka,
jirgin ƙasa ya wuce ban ji ba.

Littafin yana nan bisa akwati, ya sha jan biro.
A shafi na arba'in da biyu
na soke Mai Amsa ta Tara.
Rubutuna ba kyau,
amma ana gane sunan.